Telan Da Ya Yi Wa Ƙarfe Wanka

Akwai wani tela a layinmu, ya iya ɗinki kam, amma Allah Ya zuba masa gaggawa. Ko shayi a tsaye yake sha.

Wata Juma'a da safe, yana jan keken ɗinkinsa zuwa bakin ƙofa, keken ya kife, ƙafar keken ɗaya ta karye gida biyu. Ga rigunan 'yan makaranta talatin da ya yi alkawarin kaiwa ranar Litinin, kuma keken ke nan guda ɗaya.

Ya rungumi ƙafar ya nufi wajen Baba mai walda.

"Baba, a taimaka a ɗan ɗiga min wuta, minti biyar ya isa."

Tsohon ya juya ƙarfen, ya nuna masa bakin karayar. "Ka ga cikinsa ruwan toka, gari-gari kamar yashi? Wannan ƙarfen zubi ne, ɗana. Narka shi aka yi aka zuba, kuma sinadarin gawayi ya yi yawa a jikinsa. Zai ɗauki nauyi shekara hamsin, amma bai san lanƙwasa ba, karyewa yake yi. Sai na gasa shi, na liƙa kaɗan-kaɗan, sannan ya kwana cikin yashi mai zafi ya huce a hankali."

"Ya kwana? Sai ka ce mara lafiya!"

"To, mara lafiya ne mana."

Baba ya yi aikinsa tsaf, ya binne ƙafar a rabin durom na yashi, ya ce a dawo gobe, ya tafi cin abinci.

Mutuminku fa ya kasa tafiya. Ya zauna, ya tashi, ya zagaya durom. Can ya ce a ransa tsofaffi dai akwai son jan aiki. Ya ɗauki awartaki ya zaro ƙafar, ya jawo bokiti ya sheƙa mata ruwa.

Ƙas!

Wurin waldar na nan daram, amma gefensa ya tsage har wuri biyu. Tela ya yi maza ya mayar da ita cikin yashi ya lulluɓe, ya zauna kamar ba shi ba.

Baba ya dawo, ya dubi jiƙaƙƙen yashi, ya dubi tela.

"Ikon Allah! Ruwan sama aka yi a durom ɗina kaɗai?"

Kunya ta rufe tela, ya faɗi gaskiya. Tsohon ya yi dariya har da hawaye, ya ce tsaga biyu sai kwana biyu. Ya sake aikin, ya binne, ya ɗora katako a kan durom ya hau ya zauna.

"Tafi gida, ɗana. In na sake ganin ƙeyarka kafin Lahadi, kai zan binne a yashin."

Ranar Lahadi ƙafar ta fito garau. Sai dai lokaci ya ƙure, riga goma kawai ya iya ɗinkawa. Sauran ashirin ɗin da kansa ya ɗauka a ka, ya kai wa telan tsallaken titi, yana roƙo a rufa masa asiri.

Darasi: Ba kowane abu ne ake sanyayawa da ruwa ba, wani sai an ba shi lokacinsa. In gwani ya ce ka jira, to ka jira. Ku tura wa wannan ɗan'uwan naku mai gaggawa, kun san shi ai.