Gizo Mai Me?

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wata shekara Toron Giwa, Sarkin Kasuwa, ya gina rumfa mai rufin kwano. Ya ce ran kasuwa ta huɗu, kafin damina ta sauka, zai ba da ita ga wanda gari ya sani da sana'arsa. Gizo kuwa a rana yake zama. Ya ce wa matarsa Ƙoƙi, "Rumfar nan tawa ce."

Kasuwar farko ya zama wanzami. Ya aske wa Bunsuru rabin gemu, sai ya hango cinkoso wajen tela. Ya yar da aska.

"Malam Gizo, saura rabi!"

"Bar shi haka, shi ake yayi."

Kasuwa ta biyu ya zama tela. Yana ɗinka wa Raƙumi wando, ya gama ƙafa ɗaya, sai ƙamshin ƙosai ya buge shi. Ya miƙe.

"Sauran ƙafafuna uku fa?"

"Ka riƙa sa musu bi da bi."

Kasuwa ta uku ya ɗora kaskon ƙosai. Gefe ɗaya ya soyu ke nan, ya hango mai gyaran keke. Ya kwashe ya miƙa wa Kura.

"Kai, ƙasan ɗanye ne!"

"Ci saman yau, ki shanya ƙasan."

Duk wannan bidiri, Kunkuru na gindin tsamiya da daddawarsa, inda ya shekara bakwai. Da faifai ɗaya ya fara, yanzu kwanduna ne, har daga ƙauyuka ake aikowa. Gizo ya toshe hanci ya ce, "Har yanzu kana cikin warin nan?"

"Shi ke nuna wa mutane hanya," in ji Kunkuru.

Ran kasuwa ta huɗu, hadari ya haɗo. Toron Giwa ya tara jama'a ya ce, "Gizo mai me?"

"Mai aski!" in ji Bunsuru, rabin gemu na rawa.

"Ƙarya ne, mai ɗinki!" in ji Raƙumi, yana jan wando.

"Mai ƙosai," in ji Kura, tana riƙe da ciki.

Aka tambayi Ƙoƙi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, yau ban ga abin da ya fito da shi ba."

"To, Kunkuru fa?"

Kasuwa kaf, har ƙudaje, suka ce, "Mai daddawa!"

Kunkuru ya shige rumfa, ruwa ya ɓarke. Gizo ya kifa kasko a ka, yana rawar sanyi, yana cewa, "Ƙoƙi, gobe lema zan sayar."

Kun ji, sana'a ɗaya ake riƙewa har ta zame wa mutum suna. Marigayi kakanku shekara arba'in yana dukanci a wuri guda. Bara muka rasa shi, amma har yau baƙo in ya ce gidan Baduku, nan ake kawo shi.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya nemi tabarmarsa.