Tambayar da Ƙamus Bai Yi Ba

Ƙamus mutumin kirki ne, sai dai akwai shi da ji da kai. Abokan karatu ne suka laƙaba masa sunan, don babu maganin da za ka ambata bai zayyano maka amfaninsa da illarsa ba. Ya daɗe yana aikin harhaɗa magunguna a ƙasarsu kafin ya kwashi iyalinsa zuwa wata ƙasa. Can aka ce takardunsa sun yi, amma ba lasisi sai ya yi kwas na share fage, ya ci jarrabawa.

Wata mai kantin magani ta ɗauke shi aikin jera kwalaye, ta yi masa alkawarin kujerar mai ba da magani in ya ci a wannan zangon. In bai ci ba, wani za ta ba. Farar rigarsa ta aiki kuwa tana rataye a bayan ƙofa, matarsa tana goge ta lokaci-lokaci.

Ba ya fashin darasi sai guda ɗaya, wanda ake koyon magana da marar lafiya: ɗalibi ya zama mai ciwo, ɗan'uwansa ya yi ta yi masa tambayoyi. A inda Ƙamus ya fito, likita ya rubuta, kai ka miƙa magani ta taga, shi ke nan. Sau ɗaya ya leƙa ajin, bai koma ba.

"Baban yara, yau ba aji ne?" in ji matarsa.

"Ajin wasan kwaikwayo? Da gemuna zan zauna wani ƙato ya riƙe ciki yana mini nishin ƙarya?"

"To, in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura."

Ya yi dariya ya share zancen.

Ranar jarrabawa ya cinye ta rubutu tas. A ta gwaji aka zaunar masa da wata dattijuwa a matsayin mai ciwo, ta miƙo takardar likita. Ƙamus ya ɗauko maganin ya shiga zuba bayani, bai bar ta ta ce uffan ba. Ashe a jakar da ta rungume akwai maganin tsinka jini, wanda ba ya haɗuwa da wanda ya ba ta. Tambaya ɗaya ce za ta fito da shi. Ya faɗi jarrabawar, kujerar ta tafi hannun wani.

Ya dawo gida jiki a sanyaye, abin tausayi. Matarsa ba ta yi masa gori ba. Bayan kwana biyu ta jawo teburin cin abinci tsakiyar falo ta zauna.

"Zo ka gwada a kaina. Ni ce marar lafiyar."

Ya zauna don kada ya gwale ta. "Baiwar Allah, akwai wani maganin da kike sha?"

"Na ciwon baya. Kullum, tun kafin in karya."

"Tun yaushe?"

"Tun da na fara aikin wanki a otal. Yanzu kuma cikina ke zafi."

"Kai, Maman yara, kin iya wasa!"

Ba ta yi dariya ba. Ta buɗe jakarta ta zazzage fankon ƙwayoyi a kan teburin. Kunya da tausayinta suka rufe Ƙamus.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ba ka tambaya ba."

Washegari ya kai ta asibiti, aka gano ƙwayoyin ne suka fara yi wa cikinta illa, aka taro ciwon da wuri. Ya sake shiga kwas ɗin, kuma duk ajin babu wanda ya kai shi iya riƙe ciki da nishi. Da shekara ta zagayo ya karɓi lasisinsa, ita ce ta sa masa farar rigar da hannunta.

Darasin shi ne, komai iliminka, in ka je sabon wuri ka sunkuyar da kai ka koyi yadda suke aiki, don abin da ka raina yana iya zama shi ne ka rasa. Kuma mai tambaya ba ya ɓata. Ka tambayi wanda ya zo gabanka neman magani, ka tambayi wanda kuke kwana gida ɗaya.