Taku Hamsin Daga Bakin Titi

Akwai wata mata a garin Mphonde, sunanta Nachisale, wadda ta shekara goma sha bakwai tana sayar da tumatir da busasshen kifi a bakin babban titi. Teburinta ne na farko in ka fito daga tasha. Da shi ta reni 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta, shi ya sa ba ta son jin ko kalma ɗaya a kan teburin.

Wata shekara aka ce za a sake gina titin. Ƙaramar hukuma ta turo wata injiniya da zane: za a ware siririyar hanya ta masu keke da masu tafiya a ƙasa, tun daga kasuwa har asibiti. Sai dai hanyar za ta bi ta daidai inda tebura suke, masu sayarwa su ja baya taku hamsin. Aka ce gari ya taru a ɗaga hannu, abin da aka zaɓa shi za a yi.

Hankalin Nachisale ya tashi. Ta san 'yan kabaza, masu ɗaukar fasinja a bayan keke, sun fi matan tebur yawa nesa ba kusa ba. In suka zo taron, ta faɗi. Sai ta kama kaza ta nufi gidan mai gari.

"Amfumu, ranka ya daɗe, a sa taron nan ranar Alhamis da hantsi."

"Alhamis ai ranar kasuwa ce, Maman Tadala."

"To ai ranar ce kowa yake gari," in ji ta, idonta a ƙasa.

Mai gari ya dubi kazar, ya dube ta. Aka sa Alhamis.

Ranar kasuwa ɗan kabaza ba ya sauka daga keke, don ranar yake samun abincin mako. Matan kuwa a gindin mangwaron bayan teburansu aka yi taron, suna zaune suna hango kayansu. Ɗan kabaza ɗaya tak ya zo, wani dattijo mai suna Kamanga. Ya jingine tsohon kekensa, ya cire hula.

"Iyayena mata, ni ba teburanku nake ƙi ba. Shekara talatin ina kan titin nan. Yanzu in babbar mota ta taso ni, gefe nake sauka cikin ƙasa. In aka gina kwata mai zurfi dama da hagu, ina zan sauka? Masu ciki nake kaiwa asibiti fa."

Nachisale ta miƙe tana ɗaure zani.

"Achimwene, ɗan'uwa, kai da keken nan wa ya girmi wani? Don ƙarfen da ko ɓarawo ba ya so za mu kwashe abincin 'ya'yanmu? Ina 'yan uwan naka? Da abin ya dame su ai da sun zo."

Mata suka kwashe da dariya, har da masu tafi.

"Kin san inda suke, Maman Tadala," in ji Kamanga. Ya mayar da hularsa ya zauna.

Sau biyu injiniyar tana roƙo a sake duba zanen, ta ce in aka zuba siminti ba mai fasawa. Ba wanda ya saurare ta. Aka ɗaga hannu, aka soke hanyar keke. Nachisale ce ta fara dangwala yatsa a takarda.

Titi ya fito baƙi wuluk, ga kwata mai zurfi kowane gefe, sai gaban tebura kawai aka rufe da siminti. Ciniki ya buɗe. Manyan motoci kuwa suka daina taka birki.

Bayan wata takwas, da tsakar rana, naƙuda ta kama Tadala, babbar 'yarta, tana zaune a bayan teburi. Cikin fari ne. Motocin haya duk a cike suke wucewa. Wanda ke tsaye a kusa Kamanga ne. Bai tuna mata komai ba, ya dai ce wa Tadala, "Hau a hankali, 'yata. Riƙe ni da kyau."

Nachisale ta biyo su a ƙasa da roba da zannuwa a ka. Da idonta ta gani. A gangaren makaranta motar rake ta taso musu ta baya, wata babbar kuma tana tahowa ta gaba. Aka danna ham. Kamanga ya dubi gefe, kwata ce. Ya sa gwiwar hannu ya ture Tadala ciki, motar ta kwashe shi da kekensa.

Tadala ta rayu da karayar ƙugu. Jaririn bai zo da rai ba. Kamanga nan take ya cika.

Ranar jana'iza aka shimfiɗa ɗanyen ganye a kan titi, yadda ake yi in an yi rasuwa. Ranar ce kaɗai manyan motoci suka bi garin a hankali. 'Yan kabaza sun fi ɗari biyu, kowa na tura kekensa a ƙasa, kuma Alhamis ce. Matar Kamanga ce ta matsa wa Nachisale a tabarma, ta tambaye ta, "Yaya jikin Tadala?" Nachisale ta zauna kusa da ita.

Ta je ƙaramar hukuma tana kuka a dawo da hanyar keke. Injiniyar ta ciro takardar.

"Amayi, uwata, an riga an rufe aikin. Ga abin da gari ya zaɓa. Wannan yatsan na sama naki ne."

Washegari Nachisale ta ja teburinta ita kaɗai, tana ƙirgawa, har taku hamsin. Sauran matan suka ce baƙin ciki ya taɓa mata kai. Ko ɗaya ba ta bi ta ba. Duk wadda ta zo kafa teburi a tsohon wurinta, sai ta tashi ta kore ta.

Yanzu tumatirinta yakan yi laushi kafin ya ƙare. Tana zaune can baya tana kallon 'yan kabaza, in an danna musu ham sai su faɗa ɗan gurbin da ta bari su tsaya mota ta wuce. Daga kasuwa har asibiti, kilomita uku, nan ne kaɗai mafakarsu, kuma faɗinsa faɗin teburi ɗaya ne.

Darasi: In ana shawarar hanyar gari, kada ka yi dabarar hana wasu zuwa don ka ci nasara, kada kuma ka yi wa mai ƙaramin ƙarfi dariya. Hanyar da ka hana shi, wata rana ɗanka ne zai buƙace ta. Ni uwa ce, kullum yarana suka fita titi gabana faɗuwa yake har su dawo. Don Allah in an kira taro ku je, ku bar kowa ya yi magana, kuma ku tura wannan ga duk iyayen da kuka sani.