Ranar da Famfo Ya Zubo da Shuni

Kai mai moɗa a hannu, ajiye ta tukuna, ruwan ba gudu zai yi ba. Ku kuma masu ƙus-ƙus a gefe, ku ara mini kunnuwanku. Ba na maimaita magana, kuma ba mai tashi daga tabarmar nan sai kun yanke mini hukunci.

Wani ɗan gari ne. Ba zan faɗi sunansa ba, domin mutanensa suna nan da ransu, kuma ba sa son a tuna musu. Tun kaka da kakanni rijiya suke sha, har Allah ya kawo ranar da aka ja musu famfo. Murnar da suka yi, kai ka ce kujerun Makka aka raba musu. Ruwa fari tas, ba guga ba igiya. Tun daga ranar suka ƙulle abu guda a ransu: ruwan famfo ruwan gwamnati ne, an riga an sa masa magani, ba abin da zai yi wa mutum.

Sai dai injin ƙarami ne. Da sassafe ake kunna shi, hantsi na yi a kashe, ruwan kuma kafin ya hau kan famfo ya gaji. To, kun san mutanenmu da dabara. Sai aka shiga haƙa rami a inda bututu ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, a huda shi, a tara bokiti can ƙasa inda ruwan yake da sauran ƙarfi. In mutum ya gama sai ya toshe hudar da tsumma ko totuwar masara, in ya tuna ke nan.

Damina na tsakiya amai da gudawa suka shigo garin. Mutum da safe yana gona, kafin la'asar idanunsa sun faɗa, murya ta tafi. Ruwa kuma ya cinye gadar da ake bi zuwa birni, ba shiga ba fita. Dagaci ya tara dattawa, aka ce ai rijiyoyi ne, kowa ya san rijiya da damina. Aka sa samari suka rufe su da itace da ƙaya, aka yi shela kowa ya riƙe famfo. Aka riƙe, amma makara ba ta daina fita ba.

A cikin wannan tashin hankali ne matar wani mai gyaran keke, Haladu, ta haihu ranar Juma'a. Sunanta Kuluwa, haihuwar fari ce, namiji, don haka a gidan iyayenta da ke gangaren kasuwa take wankan jego, a hannun uwarta Gwaggo Tasalla. Ranar Lahadi cutar ta kama ta. Ranar Talata nono ya ɗauke, jariri yana ta tsala kuka, ita ko juyowa ba ta iya yi. Haladu kuwa suruki ne, iyakarsa zaure. A nan yake wuni a tsugune, yana jin kukan ɗansa ta bayan katanga, ba halin shiga. Tsoro ya cika shi, tsoron kada Juma'ar suna ta zama Juma'ar zaman makoki. A gaban mutanen da suka zo dubiya ya ce, "Ni ba ni da saniya, ba ni da gona. Amma ku shaida, duk wanda Allah ya sa ya zama sanadin tashin yarinyar nan, sunansa zan raɗa wa yaron nan."

To, ga mutum na farko. Malam Hudu, shi ke haƙa kabari a garin, tsoho ne marar surutu wanda ba a cika son zama kusa da shi ba. Kowa yana ƙirga matattu, shi kuwa yana lura da ta wace hanya makara ke ɓullowa. Ya ga duk ta gangaren kasuwa take fitowa. Mutanen Tudu, waɗanda bututu ke fara bi ta ƙofarsu kafin ya ratsa kasuwa, ko ɗaya bai binne ba. Wasu gidaje uku a can ƙarshen gangare, da suka ƙi jin shela suka buɗe rijiyarsu a ɓoye, su ma ko ciwon kai. Ya ɗauki sandarsa ya tafi ƙofar dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, ba rijiya ba ce. Famfo ne, daga kasuwa zuwa ƙasa." Aka yi masa ca. Wani ya ce ai ni ma famfon nake sha a Tudu, ga ni garau. Wani ya ce tsohon nan baƙin baki gare shi, aiki ya yi masa daɗi yana neman ƙari. Aka kore shi kamar kare ya shiga masallaci. Bai yi zuciya ba, ya bi gida gida yana faɗa, har zauren da Haladu yake.

Haladu ya yarda, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya aika ciki da ladabi, a gaya wa Inna don Allah a riƙa ba Kuluwa dafaffen ruwa. Gwaggo Tasalla ta aiko da amsa daga bakin murhu, da ƙarfi yadda zai ji: "Jego nawa na yi kafin a haife shi? Mai jego dama ruwan sanyi take sha? A ce masa ruwan zafi nake ba ta." Kuma ba ƙarya ta yi ba. Tana tafasa ruwa har ya yi ƙara a tukunya. Sai dai ba mai shan tafasasshen ruwa haka nan, dole a sirka. Da me take sirkawa? Da na famfo, mai kyan nan, fari tas, wanda ta fi yarda da shi. Haladu bai san haka ba, in ma ya sani, suruki ba ya jayayya da uwar matarsa.

Ga mutum na biyu. Isiyaku marini, mai taurin kai, hannuwansa baƙi-baƙi har gwiwar hannu. Malam Hudu ya bi ta marina yana ta faɗin maganarsa, kowa ya kau da kai ban da shi. Shi abin ya tsaya masa a rai, domin ya tuna wani rami da mahauta suka haƙa a bayan kasuwa, dab da lambatun da ƙazantar masai na kasuwa ke malalowa ciki in an yi ruwan sama. Ya sha ganin ramin cike da ƙazanta da safe, amma da an kashe inji sai ya ji yana ƙugi, ruwan yana sauka, alhali sauran kududdufai suna nan yadda suke. Shi kuwa da tiyo yake kwashe ruwan rini, ya san bututun da ba komai a cikinsa zuƙa yake yi. Amma ya san mutanen garinsu, abin da ido bai gani ba kunne ba ya karɓa.

Yana da ramin rini guda da ya yi makonni yana tattalinsa, ya nuna ya yi kyau, shi ne abincin gidansa na daminar. Ranar Laraba da hantsi ya kwashe shi kaf a jarkoki, ya tura a kura zuwa bayan kasuwa. Ana kashe inji ya tuttule shi a ramin mahauta, ya tsaya yana kallo bututu yana shanyewa. Ya koma gida yana lissafi. In shunin bai fito ba, ya yi asarar banza. In ya fito, za a ce shi ya zuba wa gari guba.

Alhamis da safe aka kunna inji. Daga kasuwa zuwa ƙarshen gangare, duk famfo da duk rami shuɗin ruwa yake fitarwa. Mata suka watsar da bokitai suna salati. Ba a sha wahalar neman mai laifi ba, gari guda marini nawa ne? Aka cafko Isiyaku, aka fasa masa baki, aka kumbura masa ido, shi kuwa yana ta jan su har bakin ramin mahauta. Suka ga hudar a buɗe, bakinta ya rine, ga lambatu yana tsiyaya a kai. Ya tofar da jini ya ce, "Nawa kuka gani don yana da launi. Wanda kuka yi wata guda kuna sha fa?" A can gida kuwa Gwaggo Tasalla ta tara ƙwarya za ta ɗebi na sirki, ta ga abin da ya zubo. Sai ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka tana cewa, "Wayyo ni Tasalla, ashe da hannuna nake ba ta!"

Ga na uku. Lurwanu, malamin asibiti, shi kaɗai ne a ɗan asibitin garin. Ya riga ya sa wa Kuluwa ledar ƙarin ruwa har biyu, ta ɗan farfaɗo ta sake komawa, shi ma abin ya ɗaure masa kai. Leda ɗaya ta rage a garin gaba ɗaya, ya ce ba zai zuba ta a kwando ba sai ya san inda ke yoyo. Ranar Laraba kuma cutar ta kayar da shi kansa. Matarsa ta ɗauko ledar ta rataye a ƙusa tana kuka tana roƙonsa ya sa wa kansa, yana da 'ya'ya huɗu. Da labarin shuni ya iso masa, ya ce a ɗora shi a kura a kai shi gidan su Kuluwa. Jijiyoyinta duk sun ɓuya, ya soka sau uku bai samu ba, a na huɗu ya samu a ƙafa. Ya koya wa Gwaggo Tasalla ta tafasa ruwa ta bar shi ya huce da kansa, ta sa gishiri da sukari, ta riƙa ɗura mata cokali cokali. Yana gama faɗa ya sulale. Aka shimfiɗe shi a zaure, Haladu yana ba shi irin wannan ruwan, ba wanda ya san ko zai kai la'asar.

Ya kai. Ita ma Kuluwa da la'asar ta buɗe ido. Ta manta da kunyar ɗan fari, a gaban uwarta ta ce, "Ina yarona? Ku ba ni shi." Haladu ya ji daga zaure, ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka, ƙato da shi.

Gari ya waye Juma'a, aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo goro. Ga rago a ɗaure, mahauci ya wasa wuƙa, ba ya yankawa sai an faɗi suna. Malam Hudu yana can gefen tabarma shi kaɗai. Isiyaku ido ɗaya a rufe. Lurwanu an jingina shi da bango, ko hannu ba ya iya ɗagawa sosai. Ba wanda ya zo neman komai a cikinsu, amma kowa a wurin ya tuna alkawarin.

Ni dai na juya ta na juya. Da Hudu ya yi shiru, Isiyaku ba zai ko kalli ramin mahauta ba, kuma shi ya sha zagi tun ba mai gaskata shi. Da Isiyaku ya ji tausayin shuninsa da fuskarsa, da maganar Hudu ta tafi a surutun tsufa, Gwaggo tana ta sirki har a ɗauki 'yarta. Su biyun kuwa gano cuta suka yi, ba su warkar ba. Wanda ya mayar da ruwa jikin Kuluwa shi ne wanda ya cire shi daga bakin ransa, amma da ya sa ledar kafin shuni ya fito, da ita ma ledar ta tafi a banza kamar biyun farko. Kada wani ya ce mini a haɗa sunayen uku, yaro ba allon shago ba ne. Kada kuma a ce a jira wata haihuwar, wa ya ba ku tabbacinta?

Liman ya sunkuyo ya kara kunnensa kusa da bakin Haladu ya ce, "Wane suna?" Haladu ya dubi wannan, ya dubi wancan.

To, ku da kuke zaune, rago yana jira. Hudu, Isiyaku ko Lurwanu, sunan wa ya kamata a raɗa wa yaron nan?