Ina Sauran Kashi Biyun?

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Makulli. In ya kulle ƙofa sai ya dawo ya girgiza ta. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya wuni yana tunanin me kake nema a wurinsa.

Aikinsa kula da na'urorin ajiya ne a wani babban asibiti. Ɗaki ne mai sanyi, ba taga, na'urori jere a kan kantocin ƙarfe, kowace cike da faya-fayan ajiyar bayanai, ƙananan fitilu kore suna ƙiftawa. Duk hoton ƙirji ko na kai da aka ɗauki majinyaci, nan yake kwana. Har da na 'yarsa Auta, wadda aka ga wani ɗan kumburi a bayan idonta, likita ya ce a ajiye hoton, baɗi a sake ɗauka a gwada: in ya girma a yi aiki, in bai girma ba a ƙyale shi.

Wan matarsa ne ya kawo shi aikin, shi ne kuma ya tsara ajiyar. Kowane hoto ana yanka shi gunduwa-gunduwa a rarraba wa na'urorin, kowace gunduwa kuma ana yi mata kwafi uku a na'urori uku daban. In faifai ɗaya ya mutu, saura biyu. Don haka in ka tara faya-fayan gaba ɗaya, kashi ɗaya cikin uku kaɗai ake mora.

To, nan Shaiɗan ya sami ƙofa. Ajiya ta fara cika, shugabanni suna ƙorafi. Mai Makulli ya duba allo, ya ga girman faya-fayan, ya ga ɗan abin da ake amfani da shi, ya ce a ransa akwai lauje cikin naɗi.

"Yaya, ina sauran kashi biyun?"

Wan matarsa ya yi dariya. "Suna gadin na ɗayan. Kai da kake girgiza ƙofa bayan ka kulle, kai ne za ka yi wannan tambayar?"

Wasa ya yi masa, amma Mai Makulli bai ji wasa ba. Me ya sa ya yi dariya? Me ya sa bai kalle shi cikin ido ba? Ya fara sa masa ido. In wayar Yaya ta yi ƙara ya fita waje, sai ya ce ga masu ajiyar ɓoye nan suna kira. In ya daɗe a ɗakin sanyi, sai ya ce ana shigar da kayan wasu. Bai taɓa ganin komai ba. Rashin ganin ma sai ya zame masa hujja, wai ƙwarewar ɓarawo ce.

Ya je wurin shugaba. Bai ce ga laifi ba, ya dai ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ce komai ba, amma a bincika." Kun san irin wannan magana, ta fi ƙarya ƙarara guba. Aka mayar da wan matarsa wani sashe, ba a ko gaya masa dalili ba.

Mai Makulli ya canza lambar sirri, ya zauna shi kaɗai, ya mayar da kwafi uku zuwa biyu. Wuri ya buɗe, aka yaba masa. Na'ura ta yi masa gargaɗi a allo, ya ce ai Yaya ne ya dasa gargaɗin don ya tsorata shi. Da ajiya ta sake cika, ya mayar da biyu zuwa ɗaya.

Ya 'yan uwa, ku dubi wannan abin mamaki. Mutumin da bai yarda da surukinsa ba, bai yarda da kwaɗon ƙofarsa ba, shi ne ya ɗora amanar dubban majinyata a kan ƙarfe guda mai juyawa.

Wata safiya fitila ɗaya ta koma ja. Faifai ɗaya tak, cikin masu yawa. Amma tunda a yanke hotunan suke a rarrabe, faifan ya tafi da gunduwa daga nan, gunduwa daga can. Likitoci suka riƙa buɗe hotuna suna ganin rabi, sauran toka-toka.

A makon ne aka kawo Auta. Likita ya ɗauki sabon hoto, ya nemi na bara. Mai Makulli na tsaye a bayansa lokacin da ya buɗe. Ga goshinta, ga haɓarta, wurin idon kuwa babu komai.

Likita ya ce, "Ba ni da abin gwadawa. Ba zan yanka yarinya a kan ƙila ba. Sai mu jira, mu sake ɗauka."

Aka jira. Kafin lokacin ya cika, idon ya daina gani.

Aka sallame shi daga aiki. Matarsa ta ji wanda ya kai ƙarar wanta, ta ɗauki 'yarta ta koma gidansu. Wan nata ne yake riƙe hannun Auta zuwa asibiti har yau. Ya taɓa haɗuwa da Mai Makulli a bakin titi, bai zage shi ba, ya ce kawai, "Ka ga inda kashi biyun suke?"

Jama'a, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle ya zama ƙarya. Ba duk abin da ka ga an ajiye ba a taɓa ba ne ɓarna, wani shi ne yake tsare da kai ba ka sani ba. Kuma wanda ya raba kansa da mai gaya masa gaskiya ya zama faifai ɗaya, ranar da ya faɗi ba mai maye gurbinsa. Wa kake zargi yau ba tare da ka ga komai ba? Je ka tambaye shi, ka kuma saurari amsar.

Allah ya wanke zukatanmu daga mugun zato, ya bar mu da masu gaya mana gaskiya. Allah ya kiyaye mu.