Rijiyar da Ta Rufta Kafin A Sha

A wani ƙauye da ba shi da rijiya, akwai wani mutum mai kaifin hankali, yana da mata da 'ya'ya ƙanana. Mutanen ƙauyen tafki suke sha, su da shanunsu. Kowace shekara kuwa, da zarar damina ta kankama, sai kurkunu ya kwantar da rabin garin. Ka ga ƙato majiyi ƙarfi zaune a ƙofar gida, ƙafa a kumbure, yana naɗe farar tsutsa a jikin tsinke, ciyawa tana can tana cinye masa gona. Wanda bai yi noma ba kuwa, an san abin da zai ci da rani.

Sai dattawa suka taru suka ce, "Wannan wahala ta ishe mu. Bari mu aiki mutumin nan wurin magina rijiya, ya koyo, ya dawo ya gina mana tamu." Wanda ya fi kowa matsawa shi ne kawun mutumin, wani tsoho da kurkunu ya riga ya lanƙwasa wa ƙafa ɗaya. Ya ce, "Ni dai in kurɓi ruwan rijiyar garinmu ko sau ɗaya, sa'an nan Allah ya ɗauke ni."

Ranar tafiyarsa aka yi kiɗa, mata suka yi guɗa, aka raka shi har bayan gari.

Mutumin ya je ya koyi gina rijiya a ƙasa mai laushi. Da ya iya, sai ya tuna ƙasarsu mai dutse ce, abin da ya koya ba zai huda ta ba. Saboda haka ya ƙara gaba, wurin manyan gwanaye, ya yi shekaru a ƙarƙashinsu. Ya koyi itatuwan da ke nuna akwai ruwa a ƙasa, ya koyi fasa dutse, ya koyi ɗaure jikin rijiya da duwatsu don kada ta rufta. Ya kuma ga wani abu da ya zauna masa a rai. Wani magini ya taɓa danshi, ya yi shela a gari cewa ruwa ya zo, aka yanka akuya, ashe danshin ƙarya ne, ƙarƙashinsa busasshen dutse ne kawai. Mutane suka yi ta yi wa maginin dariya. Tun daga ranar mutumin nan ya ɗaura aniya ba zai taɓa faɗin abin da bai tabbatar ba.

Da ya dawo gida aka sake kiɗa, aka sa masa suna Gwani. Ya zagaya gari, ya zaɓi wuri, aka fara haƙa da rani.

Ga yadda aikin yake. Mutum ɗaya ne a cikin rami yana haƙa, amma ba shi kaɗai ke gina rijiya ba. Dole a sami maza a sama masu riƙe igiya, suna jawo kwandon ƙasa, suna mayar da shi, suna ɗebo duwatsun ɗauri, su kuma jawo mai haƙa in wani abu ya faru. Da farko har rububi ake yi. Samari na ƙwace igiya a hannun juna, mata na kawo kunu, yara na leƙawa ana korarsu. Jar ƙasa ta fito, suka yi murna. Tsakuwa ta fito, suka ce an kusa.

Sai aka kai ga dutse. Aiki ya koma tafiyar hawainiya. Wuni guda, kwando kaɗan, kuma duk ɓaraguzan dutse ne. Ramin ya yi zurfi har ba a ganin Gwani sosai daga sama, sai dai a ji ƙarar diga. Masu kunu suka fara ɗaukewa. Samari suka fara zuwa a makare, suna tashi da wuri. Bazara ta shigo, zafi ya tsananta, kowa ya soma tunanin sharar gonarsa.

A kwanakin nan ne digar Gwani ta fasa dutsen ta wani gefe, ya sa hannu, ya ji sanyi. Farar laka ce mai danshi. Ya shinshina, ya ɗanɗana, murna ta kama shi. Amma sai ya tuna maginin da aka yi wa dariya. Ya ɗauki faifan dutse ya rufe wurin, ya ci gaba da aika busassun ɓaraguzai sama. Ya ce a ransa, "Ba zan aika musu da laka ba. Ran da zan yi magana, da cikakken guga zan yi ta."

Da yamma matarsa ta ce masa, "Maigida, mutane sun gaji. In na je niƙa tambayata ake yi. Me zan ce musu?"

Ya ce, "Ki ce su yi haƙuri. Gani ya kori ji."

Ba a jima ba mai gari da kansa ya zo bakin ramin, ya durƙusa, ya ɗaga murya. "Gwani! Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutane suna so su tafi gona. Akwai alama, ko babu?"

Daga can ƙasa Gwani ya amsa. Ya yi bayanin marmara da abin da ke ƙarƙashinta, da bambancin baƙin dutse da mai ratsi, da yadda gwanayen arewa suka saɓa da gwanayen kudu a kan wannan. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Amma ramin na da zurfi, rabin maganar ma kuwwa ta cinye.

Mai gari ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa. Ya ce wa mutane, "Na tambaye shi ruwa, ya ba ni sunayen duwatsu. Kowa ya kama gonarsa."

Suka watse. Ba wanda ya ce a fito da shi a zauna a tambaye shi ido da ido. Duwatsun ɗauri suna nan jibge a gefe, babu mai miƙawa. Aka bar mutum biyu a bakin ramin, matar Gwani da tsohon kawunsa mai lanƙwasasshiyar ƙafa, suna jan rabin kwando da ƙyar. Gwani kuwa da ya ga kwandon ya rage zuwa, sai ya ji haushi, ya ce a ransa mutanen nan ba su san darajar aiki ba. Ya ƙara sunkuyar da kai, ya ci gaba da haƙa.

Wata rana da azahar sama ta yi baƙi ƙirin. Matar ta leƙa ta ce, "Maigida, fito, ga ruwa nan!" Ya ce, "Saura kaɗan." Kafin ta sake magana ruwa ya kece. Kwararo ya biyo gangara ya nufi ramin, jikin da ba a ɗaure ba ya fara zubewa, matakalar da ya sassara don hawa ta narke. Tsohon ya ɗaura igiya a ƙugunsa ya kwanta ƙasa. Matar ta yi gona da gudu tana kururuwa. Maza suka zo, suka ja, suka fito da Gwani da rai, jini na zuba a goshinsa. Suna tsaye a wurin, rijiyar ta rufta da wata irin ƙara, aikin rani guda ya koma kududdufi.

Hannun Gwani na dama a dunƙule yake. Da ya buɗe, sai ga farar laka, wadda ba irinta a saman ƙasar garin.

Mai gari ya ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, daga ƙasan rijiya. Ruwan na nan."

"Tun yaushe ka same ta?"

"Tun kafin ku tafi gona."

Mai gari ya ce, "Haba, ɗan nan. Da ka nuna mana wannan, ai da mun kwana a kan igiya. Me ya hana ka faɗa?"

Gwani ya ce, "Ban tabbatar ba tukuna. Ku kuma, ranka ya daɗe, sau ɗaya kuka tambaya."

A daminar nan kurkunu ya kwantar da mutane kamar kullum, har da 'yar Gwani ta fari. Tsohon kawun bai warke daga jan igiyar nan ba, ya rasu kafin kaka, ruwan tafki ne na ƙarshe da aka ɗiga masa a baki. Mutane suka riƙa cewa karatu ya lalata musu yaro. Shi kuma ya riƙa cewa garin jahilai ne. Da rani ya zagayo, wani babban gari ya aiko nemansa, ya kwashe iyalinsa ya tafi. An ce ya gina rijiyoyi masu kyau a can, har ya koyar da wasu. Ƙauyensa kuwa yana nan yana shan tafki, iyaye suna gargaɗin yara kada su yi wasa kusa da Ramin Gwani.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ba a ɓoye take ba, kuma gaskiya ba na jin daɗin faɗinta.

Tafkin nan shi ne koyarwar da ta fi kusa da hannu, wadda ba wanda ya tace. Kowa ya ɗauki lasifika ya ce Allah ya yi masa magana, sai mu miƙa ƙoƙo. Kurkunu ba ya fitowa ranar da aka sha ruwan, sai shekara ta zagayo. Haka koyarwar ƙarya take. Ranar da aka ji ta daɗi gare ta, sai daga baya a ga gida ya watse, ko yaro ya bar bangaskiya, a rasa daga ina abin ya shigo.

Rijiyar ita ce zurfin Maganar Allah. Gwani shi ne wanda ikkilisiya ta aika makarantar tauhidi, ya gama digiri na farko, ya koma na biyu, wani har na uku. Dutsen da yake fasawa shi ne Ibrananci da Helenanci, da tarihin ikkilisiya, da bincike na shekaru a kan abin da mu ba mu ga amfaninsa ba tukuna. Kada wani ya ce mini wannan ɓata lokaci ne. Ƙasarmu mai dutse ce. Tambayoyin da 'ya'yanmu ke dawowa da su daga jami'a, da waɗanda maƙwabtanmu ke yi mana a kasuwa, ba a amsa su da tafi da "Haleluya" kaɗai.

To, kai mai karatu, in maganar nan ta iso ka, da kai zan fara. Taka tsantsan ɗinka abu ne mai kyau, Allah ya ƙara. Amma kada ka jira sai ka cika guga. In ka zo hutu aka ba ka bagade ka yi wa'azi, kada tsohuwa ta tambaye ka ko Allah yana jin addu'ar gwauruwa, ka ba ta sunayen malaman da suka yi gardama a kan ayar. Ɗan abin da ka taɓa ka ji sanyinsa, ko bai wuce cikin tafin hannu ba, fito da shi da Hausar da za ta gane. Ka ce, "Ban kai ƙarshe ba, amma ga abin da na samu." Wannan ba abin kunya ba ne. Wanda ya riƙe maka igiya yana da hakkin ya san abin da ke ƙasa.

Mu kuma masu igiya, laifinmu ya fi ba ni haushi, domin mu ne da yawa. Mun iya rakiya. Ranar yaye ɗalibai kuma mu ne kan gaba, da anko da ganga da hoto. Tsakanin ranakun nan biyu fa? Nan ne igiya take, kuma nan ne ba a ganin kowa. Mu tura mutum, mu manta da shi shekara uku, in ya dawo yana magana dabam mu ce karatu ya kumbura masa kai. Wanda aka bari shi kaɗai a rami, da wa kuke so ya koyi magana, in ba da duwatsu ba?

Ba labarin nesa nake ba ku ba. A ɗakin sujadar nan muka ɗora wa Fasto Habila hannu, muka yi masa addu'a, muka ce ya je ya ƙaro ilimi domin ikkilisiyar nan. Matarsa Briskila tana zama a bencin baya kowace Lahadi da yara uku. Ita ta nome gonarsu bana, ita ta kai ƙaramin yaron asibiti da zazzaɓi ya kama shi. Cikinku wa ya san a kan wane littafi na Littafi Mai Tsarki mijinta yake bincike? Dattawa, ku ma ban ga wanda ya ɗaga hannu ba.

A makon nan na haɗu da ita a bakin injin niƙa, na tambaye ta lafiyar Fasto da karatunsa. Ta ce, "Baba, yana nan lafiya, ya kusa gamawa. Sai dai yakan tambaye ni ko har yanzu ana ambatonsa a addu'ar Laraba, ni kuwa in rasa abin da zan ce masa."

Ta ɗauki ƙwaryarta, sa'an nan ta ƙara da cewa makarantar ta roƙe shi ya zauna can ya koyar in ya gama, har sun nuna masa gidan da za su ba shi. Bai ba su amsa ba tukuna.