Ridwanu Mai Karatu a Juye

Mutanen Agege ba sa gode mini, duk da hikimar da nake raba musu kyauta. Ba komai, ga wata kuma.

An yi wani yaro Ridwanu, ɗan Alhaji Isah mai fatu. Allah ya ba shi ido, amma zama da littafi ya gagare shi. A shekarar da soja suka koma bariki, kullum yana bayan teburin mai jarida yana karanta labarai a juye, har ya ƙware. Da wannan baiwa yake cin jarrabawa, don ajinsu cunkushe yake, ɗalibai fuska da fuska suke zama a tebur ɗaya.

Rannan Alhaji ya ce masa, "In ka ci lissafi, hutun nan jirgin ƙasa za ka hau a tashar Iddo ka je wurin kakarka Inno. In ka faɗi, gishiri da fatu na jiranka a kwata."

"Baba, a sayi tikiti kawai."

Malam Khamisu mai lissafi ya sha nanata musu alamun nan biyu, > da <. Ya ce bakin alamar babbar lamba yake buɗe wa, in kuma aka raba da lamba mai ragi sai ya juya. Gogan naka yana can yana kallon motocin haya na danfo ta taga.

Ranar jarrabawa ya zauna gaban Mastura, yarinyar da lissafi ke tsoro. Ta rubuta x > −3. Harafi da lamba dai ya san su, nan take ya miƙe su a kansa. Alamar kuwa bai san gabanta da bayanta ba, sai ya zana ta yadda idonsa ya gani: x < −3. Haka ya bi ta har ƙasan takarda, ya riga kowa miƙawa, yana tafe yana buɗa kafaɗa.

Da aka gama maki, Malam ya kira shi gaban allo.

"Oga Ridwanu, lambobinka duk daidai, alamunka duk sun ba gabas baya. Ba ni lamba ɗaya da ba ta kai −3 ba."

"Sifili, Malam."

Aji ya kwashe da dariya.

"Madalla. Shi ɗin ka samu."

Mastura ta ce, "Bawan Allah, da ka roƙe ni ai da na juyo maka takardar."

A kwata ya yi hutunsa, ƙudaje na yi masa rakiya har gida. Alhaji kuwa ko a jikinsa, ya sami ma'aikaci a ɓagas. Da aka koma makaranta, Ridwanu ya jawo benci ya zauna gefen Mastura, ya ce a fara masa daga farko.

Darasi a nan shi ne, ido yana iya sato amsa, amma ba ya sato fahimta. Abin da ba ka wahala ka sani ba, ko a gabanka aka shimfiɗa shi a baibai za ka ɗauka. Na faɗa muku, in kun ga dama ku gode.